Kawu da Naman Ɓangare Biyu

Jiya 'yata ta tambaye ni ma'anar kalmar Turancin nan faction, wato ɓangare, sai marigayi Kawuna ya faɗo mini a rai, har da ƙamshin soyayyen naman layya.

Wata shekara muka rabu biyu kan ranar Babbar Sallah. Mu 'yan unguwar Catford muka riga 'yan unguwar Plumstead da kwana guda, har gaisuwa ta yanke. Ni ne kan gaba wajen kumfar baki. Kawu ya suɗe kwanonmu, washegari ya ce in raka shi Plumstead.

"Kawu, gidan abokan gaba?"

"Kai, ka san asalin faction ɗin nan? Ƙungiyoyin tseren keken doki ne a tsohuwar Rum. Dawakai na gudu, magoya baya na fasa wa juna kai. Ni ɗan kallo ne mai jin yunwa. Miƙo min sandata."

Da muka je, ya ci nama har mai na ɗiga a gemunsa. Ni ma na ci don kunya, na ƙara don daɗi.

Ranar jana'izarsa a masallacin Whitechapel, sahu ɗaya muka tsaya dukanmu, mu da 'yan Plumstead. Allah ya jiƙan Kawu, ya sa a can ma duk gidan da ya shiga a zuba masa.