Ɗaurin Injiniya

A ƙauyenmu, idan kaya ya kai a ɗaure, ni ake kira. Tun ina saurayi nake ɗaure kwandunan tumatir a bayan mota, da robar da ake yankowa daga tsohon tub na taya, kuma cikin ikon Allah kwando bai taɓa zubewa tsakanin Kura da Kano a ce ɗaurina ne ba. Ba sarauta ba ce, amma da ita aka san ni.

Wata damina ƙungiyarmu ta manoma ta sayi injin casar shinkafa. Za a girke shi a hayin kogi, ga shi ruwa ya cinye hanyar mota. Masu fito suka haɗa kwalekwale biyu gefe da gefe, suka shimfiɗa katako a kai, ƙarti suka yi ta nishi har aka ɗora injin. Shugaban ƙungiya ya ce, "Malam, bismilla." Na yi bismilla, na zagaye injin da roba ta sama da ta ƙasa, na ja har tana kuka.

Ina cikin ƙulli na ƙarshe sai ga taubashina, ɗan goggona, wanda ya zo hutun Sallah. Tare muka yi karatun allo, kuma ni nake biya masa. Daga baya boko ta ɗauke shi ta kai shi Kudu, bakin teku. Aikinsa, kamar yadda ya taɓa faɗa mini, idan za a ɗora ƙarfe mai nauyin gida a kan faffaɗan jirgin dako, shi ke zana jirgin da kayan a kwamfuta, ya sa igiyar ruwa ta jijjiga su, ya ga inda zai ɓalle tun ba a tashi ba. Tun da ya iso gari ba ka jin komai sai Injiniya, Injiniya.

"Bawana," na ce, "matsa, kada ka ɓata farin yadinka."

"Ranka ya daɗe, ubangidana, wannan tumatir ɗin naka ya yi ƙarfe da yawa."

Aka yi dariya. Ya tuɓe takalmi, ya hau katakon, ya sa kafaɗa ya tura injin. Injin ya ɗan gusa, roba ta dawo da shi.

"Ka gani?" in ji ni. "Ya dawo."

"Ya dawo don a gaɓa muke. Kwando yana son roba, saboda ta bar shi ya numfasa kada tumatir ya fashe. Shi ƙarfe a kan ruwa, in ya gusa taki ɗaya, jirgi ya karkata. In jirgi ya karkata, ya ƙara gusawa. Daga nan sai dai a yi masa salla."

Na dubi shugaba, ina jiran ya ce a bar Malam da aikinsa. Sai ya ce, "To Injiniya, yaya za a yi?"

A gabana aka kwance robata, aka jefar da ita kan yashi. Injiniya ya sa aka cire mazubin shinkafar da ke saman injin aka kwantar a ƙasa, wai nauyi ya sauko. Kafinta ya kafe guntayen katako da ƙusa a gindin ƙafafun injin guda huɗu, ta yadda ba gaba ba baya. Sannan aka kawo sarƙa, aka ja ta a karkace daga wuyan injin zuwa kowace kusurwa. Abin da ya fi ci mini rai, da aka zo ƙulli bai iya ba. Ya ce, "Ubangida, taimaki bawanka." Ni na ƙulla, shi aka yi wa sannu da aiki.

Zan faɗi abin da ban faɗa wa kowa ba. Da muka kai tsakiyar kogi, ruwa ya bugi kwalekwalen dama, katakon ya karkata har hular mai fito ta faɗa ruwa. Mutane suna salati. Ni kuwa, da nake da rabo a injin nan kamar kowa, zuciyata cewa take yi, ka gusa, ko da ɗan yatsa ne ka gusa. Bai gusa ba. Da muka sauka na koma gefe na yi alwala, na yi istigfari, amma da na ji shugaba yana ce wa Injiniya "Allah Ya yi wa karatu albarka", sai hassadar ta sake taso mini.

Bayan Sallah ya koma Kudu. Da rani ya shigo, ga hanyar mota ba a gyara ba, aka tashi hayewa da babban injin ban ruwa, shugaba ya aiko a kira ni. Na tafi da sauri, har na ɗauka an dawo mini da abina. Ina isa ya ce, "Yauwa Malam, yi mana ɗaurin Injiniya."

Na nemi katako da sarƙa na yi, don shi ne daidai. Har yau ni nake yinsa, kuma har yau haka suke kiransa.