Ranar da Bogo ta yi ja

Shekara goma sha tara na yi ina kai sabulu da ganyen shayi daga Garwa zuwa Bogo, a motar wani kamfanin rarraba kaya, ba babba ba, ba kuma ƙarami ba. Hanyar tawa ce. Na san ramin da ke cin taya bayan Marwa, na san ɗan kasuwar da ba a yi masa zancen kaya sai an sha ruwa an huta.

Da mai kamfanin ya tsufa, ɗansa ya dawo daga Duwala da wata manhaja mai tattara takardun kaya ta zana su a allon bango, gari-gari. Inda ake saye kore, inda ba a saye ja. Tablo yake ce mata. Ban ƙi ta ba, kada in yi ƙarya. Ni ne ma na kwashe wata uku ina karanta wa mai buga kwamfuta tsofaffin takarduna, ina murna wai za a ga wahalata a fili.

Abu ɗaya ne bai zo mini a rai ba. Waɗanda nake kai wa kaya a Bogo Hausawa ne 'yan gida uku, manyan yayyensu kuma a Garwa suke zaune. A wurinsu rashin kunya ne ƙane ya sa sunansa a takarda alhali wansa na raye. Sai dai ka ji, "Rubuta sunan Yaya." In rubuta, har da unguwarsa ta Garwa. Haka na tarar ana yi, haka na yi.

Ranar da aka kunna allon a gaban ma'aikata, Garwa ta yi kore shar, Bogo ta yi jawur.

Na miƙe na yi bayani da guntun Faransancina. Ɗan maigida ya saurara yana murmushi.

"Baba, na ji ka," in ji shi. "Amma tablo ba ta san zumunci ba. Abin da aka ba ta take faɗa."

"To ai ni na ba ta, patiron," na ce, wato maigida da Faransanci.

"Ka gani? Ba mu ƙara komai ba."

Aka yi dariya. Abin ya yi mini ciwo, har yau yana yi. Tsohon maigida, wanda ya san gidajen nan uku tun kafin in san su, yana gefe yana jan carbi. Bai ɗago kai ba.

Aka soke hanyar Bogo, aka sallame ni da takardar godiya. Abokin aikina mai kula da Garwa aka ba shi sabon babur, ladan kayan da bai taɓa ɗora wa hannu ba.

Mutanen Bogo suka koma saye a Marwa. Bayan 'yan watanni koren Garwa ya fara dusashewa. Sai ga wayar ɗan maigida, da ladabinsa, wai tun da na daɗe a harkar, ko na san abin da ya sami manyan 'yan kasuwarmu na Garwa?

Na ce masa lafiyarsu lau, jiya ma na gaishe su a ƙofar masallaci. Shekara goma sha tara, ko sabulu ɗaya ba su taɓa saya ba.