Ranar da na kifar da tukunyar Yaya

Ni ba gayu ne ya sa na fara shan koren shayi ba. Wata nas ce a ƙaramin asibitin unguwarmu ta ɗaure mini hannu da abin awon jini, ta duba, ta ce jinina ya hau, in rage gishiri, in rage sukari, in riƙa shan ƙwayata kullum. Na ce gishiri zan iya, amma shayin safe fa? Mu a Limawa da shi muka tashi. Aikin jirgin ƙasa ne ya kawo kakanmu Minna, kuma cikin abin da ya bar mana har da shayi mai kauri, madara da sukari sai leɓe ya manne. Ta ce in gwada kore, ba madara, ba sukari. Ta ƙara da cewa abin sha ne mai kyau ga jiki, amma kada in kuskura in ɗauke shi madadin ƙwaya.

Satin farko sai na ji kamar ruwan ciyawa nake kurɓa. Na dage. Ina da shekara arba'in da shida na shiga ajin manya, har yau da yatsa nake bin layi, amma ina bi. Turancin jikin kwalin ya fi ƙarfina, sai na kai wa malamarmu, muka karanta tare, na rubuta fassarar da hannuna a bayan littafina: a tafasa ruwa, a sauke ya ɗan huce, a tsoma ƙunshin mai zare ɗan lokaci kaɗan, a cire. Ba a dafa shi. Bayan wata uku nauyin da nake ji da hantsi ya tafi, kwaɗayin zaƙi ya sake ni, zanina ya fara zagaye ni da saura. Ko shayin ne ya yi, ko sukarin da na bari, ni dai na ji sauƙi a jikina.

Kuskurena shi ne na kai wa Yaya kwali ɗaya. Ita ta raine ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, ta girme ni da shekara goma sha ɗaya, tana zaune a gidan haya a Kpakungu, tana saro doya da dawa daga kasuwar Beji. Ta riga ni hawan jini. Ta taɓa faɗuwa sau ɗaya, bakinta ya karkace kwana da kwanaki kafin ya dawo, likita ya ce in aka yi ta biyu ba lallai ta tashi ba. Na nuna mata yadda ake haɗawa. Ta kurɓa, ta ce wannan ai ruwan zafi ne aka yi wa kwalliya.

Bayan wata guda na je gaishe ta da la'asar. Tun daga zaure wani wari mai ɗaci ya tare ni. Na tarar da tukunya a kan gawayi tana ta ɓararraka, ruwan ciki baƙi wuluk.

"Yaya, rini kika koma yi?"

"Shayinki ne. Yanzu ya zama magani."

Ashe wani mai tallar magani da lasifika a bakin titi ya ce koren shayi yana wanke jini tas, wanda ya riƙe shi ya gama da asibiti. Yaya kuwa ta san yadda ake magani tun kaka da kakanni: a dafa sassaƙe har ya yi ɗaci, a jefa kanwa ta fito da ƙarfinsa. Sai ta yayyage ƙunshin kwali guda, ta juye a tukunya, ta jefa jar kanwa, tana dafawa tun safe, tana sha da moɗa safe, rana da yamma. Na lura hannunta yana rawa da ta miƙa ta gyara garwashi.

"Kina barci kuwa?"

"Ina fa barci. Ƙirjina sai duka yake. Ai faɗa suke yi da ciwon a ciki."

"Ina ƙwayarki?"

Ta kau da kai. Na shiga ɗaki na same ta a cikin kwanon samira, ba a taɓa ta ba tun sati uku.

Na fito na zaro littafina daga jaka, na fara karanta mata abin da na rubuta. Ba ta bari na kai ƙarshen layi na biyu ba.

"Ke rufe mini baki. Jiya jiya kika koyi rubuta sunanki, yau kin zama likita? Ni na wanke miki kashi."

"Kin wanke, Yaya, Allah ya biya ki. Shi ya sa ba zan zauna ina kallo kina kashe kanki da moɗa ba."

"To taɓa tukunyar nan ki gani."

Na naɗe hannuna da gefen mayafi, na ɗauke ta daga wuta, na kifar da ita a magudanar tsakar gida. Matan gidan duk suna waje, mai wanki ta tsaya da wanki, mai tankaɗe ta tsaya da rariya a hannu. A wajenmu ƙanwa ba ta ko zama kafin yayarta ta zauna, balle ta zubar mata da abin da ta dafa a idon maƙwabta. Na sani. Ina sane na yi.

Yaya ba ta zage ni ba, wanda ya fi zagi ciwo. Ta shige ɗaki ta saki labule. Na jawo kujera na zauna a bakin ƙofar, na ce ba zan motsa ba sai mun je an auna ta, in ya so mijina ya zo ya ɗauke ni da kujerar. Can ta fito da hijabinta.

"Zan je, don in kunyata ki a gaban masu ilimin gaske."

A cikin keke napep ta juya mini ƙeya har muka isa asibiti. Nas ɗin da muka samu ta auna ta, ta sauya hannu ta sake aunawa. Sai ta kwantar da ita a gado, ta ce ba inda za ta sai jinin ya sauka. Yaya ta ɗaga kai daga matashi ta ce, "'Yata, shi shayin ba magani ba ne?"

"Mama, kofi ɗaya ko biyu a rana ba laifi, yana da amfani. Amma ba ya sauke hawan jini irin naki. Kanwa kuwa 'yar'uwar gishiri ce, ƙara miki shi take yi."

Na yi tsammanin daga nan magana ta ƙare. Ina! Sati biyar Yaya ba ta amsa gaisuwata. Labari ya kai wa ƙanin mahaifinmu, shi ne babban da ya rage mana, ya aiko a kira ni. Ya ce ko da gaskiyata, boko ba ya goge tarbiyya, in je in ba ta haƙuri. Na je. Na durƙusa har ƙasa a tsakar gidan nan, a gaban matan da suka ga abin, na ce, "Yaya, ki yafe mini kunyar da na ba ki a idon mutane. Wannan laifina ne. Ruwan da na zubar kuwa, ban tuba ba. In na sake samun sa a wuta gobe, zan sake kifarwa."

Yaya ta ce, "Tashi, mara kunya, kin tare mini hanya."

Yanzu ƙwayar tana kan tagarta inda ido zai gani, kuma duk Juma'a in na je sai na duba ko tana raguwa, tana kallona ina dubawa, tana tsaki. Koren shayi ta daina sha gaba ɗaya, ta ce abin da ba a dafawa ba ta ga amfaninsa ba. Ni ina shan nawa bayan karin kumallo, a kofin tangaran, in ta zo gidana ma a gabanta nake haɗawa. Dangi har yau suna cewa ni ce wadda ta yi wa yayarta rashin kunya, su ci gaba da faɗa. Shekaranjiya da ƙafarta ta je Beji, ta dawo da doya, ta aiko mini da guda uku.