Ramar Hamajulde

Wanda ya san Hamajulde a shekarunsa na ƙarshe zai rantse haka Allah ya halicce shi, siriri kamar karan dawa da aka manta a gona. Ba haka ba ne. Ni na san shi da kumatu. Na san shi lokacin da in zai zauna a bencin mai shayi, sai wanda ke ɗaya gefen ya riƙe kofinsa da kyau.

Mu biyun mutanen Mayo Selbe ne, tafiyar safiya ɗaya daga Ngaundere in motar ba ta lalace ba. Ubansa yana da garke na shanun gudali zalla, har kallo ake fitowa ranar da za a kai su shan ruwan kanwa. Shekarar da ƙudan tsando ya hauro daga kurmi, shanun suka tafi ɗaya bayan ɗaya, tsohon kuma ya bi su. Abin da Hamajulde ya gada sanda ce, da malafa, da igiyar ɗaure maruƙa, babu maruƙan. Ya yi kiwon haya, ya yi dakon gishiri, daga baya ya auri Astajam, wadda in ta tuƙa tuwon masara da miyar lalo maƙwabta kan tuna suna da abin tambaya a gidan. A nan kumatun suka fito.

Sai aka buɗe gidan binciken shanu a bayan tudunmu, aka kawo wata mace daga kudu, Dakta Ngono. Gajera ce, kullum cikin takalmin roba har gwiwa, Fulatancinta kuma duk da ƙarfi take yin sa kamar mai kiran wani a ƙetaren kogi. Abin da ya dame ta shi ne shanunmu suna tara nama da damina, su zubar da shi da rani. Tana so ta san wace ciyawa saniya ke zaɓa in babu mai tilasta mata, da abin da ke cikin ciyawar. Tunda saniya ba ta ba da amsa, sai ta ɗauki mutane. Kowane bijimi aka ba shi mutum guda da buhu. Abin da bijimi ya ciza, mutumin ya tsinki irinsa, daidai cizon, ya jefa a buhu. Da yamma ta shanya, ta niƙa, ta duba.

Ni aikin buɗe ƙofar ma'auni da rufewa aka ba ni. Hamajulde kuwa aka haɗa shi da wani jan bijimi mai farin goshi, ya sa masa suna Wule.

Mala Gana, Babarbaren da ke sayen shanu yana loda su a jirgin ƙasa, shi ya fara yaɗa maganar a wurin mai shayi.

“Kun ji bawana ya samu aikin gwamnati? An ɗauke shi saniya.”

“Ka yi shiru, Babarbare,” in ji Hamajulde. “Ku da kuka san saniya daga wuya zuwa wuƙa kawai.”

“To, Fillo, tuƙa fa? Da dare kake yi, ko ita ma sai Madam ta sa hannu?”

Sauran masu buhu sun yi aikinsu kamar kowane aiki. Hamajulde ne ya sa zuciya. Ya koyi karkata kai irin na Wule. Ya san ciyawar da zai sunsuna ya wuce, da wadda zai naɗe da harshe. Sai abin ya fara juyawa. Wule ya lura akwai wani a gefensa da ke tsinkar ciyawa a natse, kuma bai taɓa tsinkar mummuna ba, sai ya fara jira ya ga abin da wannan zai tsinka. Wata safiya na wuce su a bakin fadama, Hamajulde a sunkuye yana jiran bijimi ya ciza, bijimi a sunkuye yana jiran Hamajulde ya tsinka. Na je kasuwa na dawo. Suna nan.

Daga nan in Hamajulde ya zauna, Wule ya kwanta. In ya tayar da salla, Wule ya tsaya a bayansa, har liman ya ce ba ya so ya yi fatawa a kan abin, a dai bar shi. Ranar awo, wato farkon kowane wata, Wule ya ƙi hawa ma'auni. An ja, an tura, an murɗa wutsiya. Sai Hamajulde ya hau don ya nuna masa babu komai, bijimi ya bi shi tiɓis-tiɓis. Da ya sauka, ya sauka.

Dakta Ngono ba ta son ɓata lokaci. Ta auna Hamajulde shi kaɗai sau ɗaya, ta ce daga yau tare za a riƙa auna su. A fuskar ma'aunin kowane bijimi da jan layinsa. Ta matsar da na Wule gaba kaɗan, daidai nauyin mai bin sa.

“Madam, wannan jan layin na mene ne?” in ji Hamajulde.

“Nan ne ƙarshen aiki, Bappa. Ranar da allura ta taɓa shi, sai a yanka, in auna nama, in auna kitse, in auna ƙashi. Shanun nama ne ai.”

Ya ce to. Bafulatani ba ya nuna abin da ke ransa a gaban mutane. Ni dai da nake riƙe da ƙofa na ga ya daɗe yana gyara malafar da ba ta karkace ba.

Damina ta yi kyau a shekarar, abin haushi. Ciyawa har ƙirji. Allura tana matsawa kowane wata, Mala Gana kuma ya fara biyowa ta bakin shinge da yamma, yana shafa gindin wutsiyar Wule yana lumshe ido.

Dabarar farko da ta zo wa Hamajulde ita ce wadda za ta zo wa kowa. Tunda abin da ya tsinka Wule ke ci, sai ya kai shi kan tsakuwa, ya tsinki busasshen kara. Wule ya dube shi, ya dubi karan, ya ci. Yana taunawa yana kallonsa. Kafin azahar Hamajulde ya mayar da shi fadama, wurin ciyawar da ta fi kowace laushi, kuma wani mai itace ya ce ya ji yana ba shi haƙuri. Ɗan mai garke yana iya kwana da yunwa. Ya sa saniya ta kwana da ita da gangan, wannan ba a haife shi da hannun yi ba.

To, amma su biyu ne a kan ma'aunin.

Ya fara da abin da ba ya ciwo. Awo na gaba ya bar sanda a ƙasa. Na gaba ya bar malafa da takalmi da wuƙar ɗamara. Ya aske kansa ƙwal. Layun da kakarsa ta rataya masa tun yana goye ya kwance ya ba ni ajiya. Akwai wani haƙori da ke ɗan motsi, wanda da zai iya kai wata shekara, ya je wurin wanzami.

Sannan ya juya kan tuwo. Ya ɗauki azumin Litinin da Alhamis, ya ƙara da na tsakiyar wata, ya tuno da wasu ramuwa tun na ƙuruciya waɗanda ba wanda ya san ya sha. Makala, fanken da yake karyawa da shi, ya bari. Kindirmo ya ce yana sa shi kasala. Shayi ba sukari.

Astajam ta same ni a ƙofar gida.

“Don Allah ka yi wa abokinka magana. Na tuƙa, ya ce ya ƙoshi. Me ya ci? Ko ciyawar buhun nan yake ɗanɗanawa?”

“Ibada ce, Astajam.”

“Ibada! Mutumin da ko a Ramadan sai na ɓoye tukunya? Mata har sun fara cewa miyata ce ta lalace. In wata ce ke ba shi a waje, ai da na ga alama a wuyansa.”

Na ce ta yi haƙuri har ciyawa ta bushe. Don lissafinsa ke nan: in ya riƙe allura har kaka ta wuce, rani zai rage Wule da kansa, ba da hannun kowa ba.

Bijimi yana ta cika, mutum yana ta zubewa. In sun taho daga nesa sai ka ce bukka ce ke tafiya da sandarta. Mala Gana ya ce yanzu ko kyauta aka ba shi Fillon ba zai loda shi ba, kuɗin jirgi ya fi shi.

Ranar awon ƙarshen damina Hamajulde ya zo da wando kaɗai da wata riga mai kamar rariya. Tun jajibiri ko ruwa bai sha ba. Ya hau, Wule ya bi shi, na rufe ƙofa. Allura ta tashi, ta yi rawa, ta matso jan layi. Sai na ga ya fitar da duk numfashin da ke ƙirjinsa, ya ɗage ƙafa ɗaya sama. Allura ta tsaya, tsakaninta da layin bai fi kaurin zare ba.

Dakta Ngono ta dubi allura. Ta dubi bijimin, wanda ko makaho ya shafa ya san ya wuce. Ta dubi mutumin da ke tsaye da ƙafa ɗaya kamar zalɓe.

“Bappa, sauke ƙafar. Ku fita, ka dawo kai kaɗai.”

Na riƙe Wule da ƙyar. Hamajulde ya hau. Allura ta ɗan motsa, kamar an tashe ta daga barci a kan abin da bai kai ba.

Mala Gana, da ya zo da igiyarsa tun safe, ya ce, “Madam, ai magana ta ƙare. A ba ni nama.”

Ba ta ko dube shi ba. Ta daɗe tana buga alƙalami a haƙoranta.

“Bappa, ka ɓata mini aiki. Duk garken nan kai kaɗai ne ka rame da damina. Jan layin nan da nauyinka na farko na ja shi. Ba zan yanka dabba a kan awo na ƙarya ba.” Ta ɗaga murya yadda na bayan shinge za su ji. “Ranar da ka koma yadda na auna ka, ranar za a yanka shi. Ka ji ko?”

“Na ji, Madam.”

“Ka tabbata ka ji?”

“Na ji sarai.”

Ni ban yi boko ba. Amma na ga matar nan tana lissafin da ya fi wannan wuya a tsaye, tana cin gyaɗa. Layin kuma da hannu ta ja shi, hannun yana nan, da ta so da ta gyara shi. Ni dai aikina ƙofa ne.

Bincikenta ya ci gaba da sauran bijimai, an yanka su, an auna, har ta koya mana ajiye busasshiyar ciyawa da dusar auduga saboda rani, abin da muke yi har yau. Hamajulde kuwa ya koma cin abinci, amma da awo: loma kaɗan, ya ture kwano. A gidan biki yakan zauna nesa da tukunya. Kowane farkon wata ya hau ma'auni, Dakta ta duba, ta girgiza kai, ta ce, “Har yanzu, Bappa,” shi kuma ya ce, “Ana ƙoƙari, Madam.” Da aka mayar da ita kudu, ta bar wa wanda ya gaje ta wannan ƙa'ida, shi kuma ya same ta a haka, bai ga dalilin taɓawa ba. Astajam ta gane a ƙarshe. Ba ta yi faɗa ba. Ta dai riƙa cewa ita ce mace ta farko a Mayo Selbe da ke rage wa miya daɗi saboda bijimi.

Wule ya tsufa har haƙoransa suka ƙare, Hamajulde yana tsinko masa mai laushi yana sa masa a baki. Buhun tuni an daina karɓa. Wata rana da hantsi Wule ya kwanta a fadama, Hamajulde ya zauna a gefensa, ya tashi, ya sake zama, ya sake tashi don ya nuna masa yadda ake yi. Wannan karon bai bi shi ba.

Mala Gana ya zo gaisuwa, ya tsufa shi ma, bai yi tsokana ko ɗaya ba sai da zai tafi, ya ce asarar nama irin wannan Fillo kaɗai ke iya ta. Bayan kwanaki motar kasuwa ta sauke buhun shinkafa daga kudu, direba ya ce wata tsohuwa mai ƙarfin murya ce ta ce a kai wa Bappa.

Astajam ta dafa, ta zuba man shanu har yana kwance, ta cika kwanon da aka daɗe ba a cika ba. Ina wurin. Hamajulde ya wanke hannu, ya yi bismilla, ya kai loma kusa da baki. Sai ya tsaya, ya juya gefen hagunsa, inda Wule kan tsaya, yana jira.