Murfin Tukunyar Gwaggo

Shekara goma sha shida Gwaggona tana tace mana fim a coci, shi ya sa kowa ke ce mata Rariya, har Fasto in ya tabbata ba ta kusa. Ɗinki ne sana'arta. Shagonta ɗan tsukuku ne a ƙarƙashin matakalar wani bene: keke ɗaya, benci ɗaya, sai ƴar talabijin a kan durowar zare. Duk faifan da za a nuna wa iyalai ran Asabar ɗin ƙarshen wata sai ya fara yin kwana biyu a shagon nan. Tana kalmasa bakin siket tana kallo. Abu huɗu take farauta: ashar, jini, kwalbar giya da sumba. In ta kama ɗaya, sai ta rubuta mintin a bayan ƙofa da allin yankan yadi.

Ranar nuni ni ke kula da majigi, ita kuma ta tsaya a gefena da murfin tukunya. Da mintin ya zo sai ta kifa murfin a bakin majigin, allo ya yi duhu, ta ɗauki waƙar yabo da ƙarfi har abin ya wuce. Akwai samari a cocinmu da suka girma suna zaton duk lokacin da miji ya matso kusa da matarsa wuta ake ɗaukewa. Wani dattijo ya taɓa ce mata, "Haba Mama, ai matarsa ce ta aure."

Ta ce, "To su je gida mana. Nan ɗakinsu ne?"

Bara matar ɗanta ta rasu bayan wata biyar a asibiti, ta bar yarinya ƴar shekara takwas da muke kira Aku saboda surutu. Uban direban babbar mota ne, sai ya yi mako uku ba a gan shi ba, don haka Aku ta dawo hannun kakarta. Daga makaranta sai shago, tana tsince allurai da maganaɗisu tana ba masu kawo ɗinki labarin da ba su tambaya ba.

Wata huɗu da rasuwar aka kawo wa Gwaggo wani sabon fim. Labarin wata uwa ce da likitoci suka cire rai da ita, ƴarta ƙarama kuma ta yi alkawarin ba za ta tsallake addu'a ko rana ɗaya ba. A ƙarshe uwar ta buɗe ido, ta sauko daga gado da ƙafarta. Gwaggo ta kalla sau biyu, ta yi kuka har ta jiƙa rigar mutane, ba ta rubuta komai a bayan ƙofa ba. Ta kira ni tana murna.

"Wannan tas yake, ɗana. Ko jariri ya kalla. Zan zo da Aku, zai sanyaya mata zuciya."

Ran Asabar ɗin, a karo na farko, ta bar murfin a gida. Muka rufe tagogi da barguna saboda rana, yara a gaba, iyaye a baya. Lokacin da uwar ta tashi, ɗakin ya ɗauki tafi da halleluya, ni ma na tafa, ba zan ɓoye ba. Da na kunna fitila sai na ga Aku zaune cikin yara, hannu biyu a cinya, tana kallon farin allo.

Kwana uku ba ta ba kowa labari ba. A na huɗu ina shagon, na kawo wando a rage mini, ta ajiye maganaɗisun ta ce, "Kaka, akwai ranar da ban yi wa Mama addu'a ba. Ranar da muka je wasan guje-guje na gaji, na yi barci. Shi ya sa?"

Keken ya tsaya. Gwaggo ta jawo ta jikinta ta ce ba haka ba ne, ko kusa, Allah ba ya ƙirga wa yara kwanaki, lokacin mamanta ne ya yi. Ta kawo aya, ta kawo wata, ta kawo labarin mutanen kirki da suka roƙa ba a ba su ba. Aku ta saurara har ƙarshe.

"Amma ke kika duba fim ɗin, Kaka. Kin ce babu abu marar kyau a ciki."

Gwaggo ta sunkuyar da kai kan keken.

Mun yi iya yinmu. Fasto ya zo ya yi magana mai daɗi, Aku ta ce, "To, Baba." Ubanta ya kira daga hanya yana kuka, ta ce, "To, Baba." Malamar ajin Lahadi ta zauna da ita. Duk a banza, magana zarar bunu ce, kuma wannan da hoto ta fita, da kiɗa, da tafin mutum ɗari. Me bakin tsohuwa zai yi da wannan?

Abin da ya fi ba ni haushi, babu wanda zan kama. Masu fim ba su zagi kowa ba. Gwaggo ba ta yi sakaci ba. Na same ta wata rana da tsakar rana ta sake sa faifan, murfin a cinyarta, alli a hannu, tana neman mintin da ya kamata ta rufe. Ta kai ƙarshe ba ta rubuta komai ba.

"In na rufe, ƙarshen zan rufe gaba ɗaya," in ji ta. "Kuma shi ne abin da nake rerawa tun ina yarinya. Ta ina zan fara?"

Ba ta ajiye aikin ba, don babu mai karɓa. Amma yanzu in wata ta leƙo shago ta ce, "Mama, wannan ya dace a kalla da yara?" ba ta ƙara cewa tas yake. Sai ta tambaya ko akwai mara lafiya a gidan, ko an yi rashi kwanan nan. Wasu su amsa, wasu su fita suna cewa Rariya ta fara tsufa.

Aku ta dawo da magana, amma ba kamar da ba. Ta karɓe allin kakarta, kuma a bayan ƙofar nan, ƙasa da tsofaffin mintoci, tana jan layi ɗaya kowace safiya. Na ƙirga ɗari da goma sha ɗaya makon jiya. Ina cikin ƙirgar ƙurar yadi ta sarƙe Gwaggo, ta yi tari sau biyu. Yarinyar ta saki abin da ke hannunta, ta zo da gudu ta riƙe mata hannu.

"Kada ki ji tsoro, Kaka. Ban tsallake miki ko rana ɗaya ba."

Gwaggo ta dube ni ta saman kan yarinyar, ni kuma na dubi ƙasa.