Gonar Yaya Barmo Mai Bayanta a Nijar

Duk wanda ya san Yaya Barmo ya san but ɗin motarsa ba ya rabuwa da kalme, wato fartanyarsa. Ko lokacin da gwamnati ta ba shi jif mai lamba, kalmen na nan kwance kusa da safaya. Ni ne ƙanensa, uwa ɗaya uba ɗaya, don haka na sha kunyar abin fiye da kowa.

Siyasar ma rigimar taki ce ta jefa shi ciki. An kawo wa ƙauyenmu Gangara taki bayan gero ya fid da kai, ya je sakatariya ya zazzaga musu faɗa, mutane suka ce wannan bakin sai majalisar jiha. Da aka ce ya buga fosta, ƙememe ya ƙi.

"Shekara arba'in ina kai gero kasuwar Jibiya," in ji shi. "Wanda bai san fuskata ba, ba shi da ƙuri'a nan."

Haka ya ci, har sau uku, babu fosta ko ɗaya.

A Katsina kuwa ba a daɗe ba aka gane halinsa. Ana cikin zama ya ji an yi ruwan shuka a gida, sai ya miƙe yana gyara hula. Kakakin majalisa ya ce, "Honarabul, ba mu gama karatu na biyu ba."

"Ranka ya daɗe, ƙudiri yana jira. Laima ba ta jira."

To, gonar da yake gudu zuwa gare ta ita ce masifar. Gadon mahaifinmu ce, gabanta a Najeriya, bayanta ya tsallaka Nijar da kunya talatin. Da aka zo zaɓen shugaban masu rinjaye, abokan hamayya suka baza cewa Barmo ɗan Nijar ne, ga gonarsa can shaida. Manyan jam'iyya suka ce ya rabu da kunyoyin nan kafin Litinin, in ba haka ba a ba wani. Ni kaina sai da na je na roƙe shi.

"Yaya, kunya talatin ce fa."

"Baba ya share ta da hannunshi. Kai kana goye."

Me ya yi? Ya gayyaci 'yan majalisa tara cin rago a gona, ranar Asabar. Suka zo da manyan riguna da takalma masu sheƙi. Ya ce ragon na ƙarshen gona. Suka yi ta ratsa gero, raɓa da ƙarangiya sun gama da wandunansu, har suka kai inuwar wani gawo suka zauna suka ci suka yi nak. Sannan ya goge hannu ya ce, "To, duk kun ci abinci a Nijar ba fasfo. Wa ya ga boda a hanya?"

Ranar Litinin su taran suka ɗaga masa hannu.

Shekara huɗu ya yi a kujerar, bai fasa shuka ko sau ɗaya ba. Abin da jam'iyya ta kasa, 'yan bindiga suka yi. Daji ya ƙi shiguwa, damina uku yana zaune a Jibiya yana kallon hadari ta gefen gonar, ba ya cewa komai. Na fi son faɗansa da wannan shirun, wallahi.

Bana aka samu sauƙi, muka shiga muka shuka, shi kuwa yana kwance ciwo ya ci ƙarfinsa. Na dawo da ƙasa a ƙafata na ce masa an gama.

"Har baya?"

"Har baya, Yaya."

Ya lumshe ido ya ce to. Geron yana kai gwiwa muka kai shi makwanci.

Allah ya jiƙan Yaya Barmo, ya yafe masa taurin kai, ya sanyaya masa ƙasar da ya kwanta a ciki.