Batirin Kaset Ɗin Babanta

Ga ta nan, ga ta nanku. Na ji kun amsa, to ku gyara zama, don ta yau ba tatsuniya ba ce. Mai ita yana nan da ransa, kuma in ya ji na rubuta shi zai ce tsohuwar nan ta cika surutu.

Baban Kaset ake ce masa, gyaran gem, na'urar wasan bidiyo, ne sana'arsa. Shagonsa ɗan ƙarami ne a ƙarƙashin bene, allon katako ne kawai ya raba shi da tela. Da safe yana buɗewa zai jona ƙarfen liƙa dalma ya yi zafi, ya ɗauko tsohon burushin haƙori ya bi akwatunan gem ɗin da ke kan kanta, manya da ake jonawa da talabijin da ƙanana na aljihu. Tun autana yana rarrafe yake kan wannan kujerar. Tela ya ba ni labarin wani da ya kawo akwatin da ruwa ya ci, ya ce a jefar. Baban Kaset ya kwance shi, ya wanke, ya shanya, da ya tashi ya aika a kira mai shi. Wanda kuwa ya hura kaset da baki a gabansa sai ya sha faɗa, wai yawu ne ke cinye haƙoran kaset ɗin.

Ni ban san komai a gem ba, jikata ce ta kai ni. Babanta, babban ɗana, ya rasu tana ƙarama. Cikin abin da ya bari akwai ɗan gem na aljihu da kaset guda, wasan wani matafiyi mai yawo gari gari, kuma sunan 'yarsa ya sa wa matafiyin. Yanzu ƙawar tawa ta girma, har tana aiki a kantin magani, amma takan kunna ta ga matafiyin tsaye a kan gada inda babanta ya bar shi, ta kalla, ta kashe. Ba ta taɓa matsar da shi ba.

Rannan ta dawo gida ko abinci ba ta taɓa ba. Ashe an gaya mata irin waɗannan kaset ɗin da wani ɗan batir kamar maɓallin riga suke riƙe inda aka tsaya, ranar da ya mutu komai ya goge. Baffanta, autan nawa, yana da sabuwar kwamfutar gem ta hannu, wadda ko matarsa ba ta isa ta taɓa ba. Ya ce ta kwantar da hankali, zai sa mata wasan a ciki, ya fi haske ma.

Ta ce, "Baffa, wasan za ka sa min. Gadar fa?"

Washegari mu uku muka tafi shagon.

Baban Kaset ya buɗe kaset ɗin, ya gwada batirin da mita, ya ce saura ƙiris, shi kansa yana mamakin yadda ya kawo yanzu. In aka cire kai tsaye, shi ke nan. Sai ya ɗaga hannunsa ya nuna mana yadda yake rawa, ya ce saboda haka ne ma zai rufe shagon a ƙarshen wata.

"Iya, gaskiya zan gaya miki. Zan iya yi, zan kuma iya ɓatawa. 'Yata, ke za ki zaɓa."

Jikata ta ce shi ta yarda ya yi.

Kafin dalma ta narke auta ya ja shi da musu, wai mutanen tsofaffin gem kamar an jera bulo suke. Baban Kaset ya ce shi ba ya ƙin sabuwa, ta yi kyau, sai dai tana zafi kamar dutsen guga, kuma kafin ka gama haddace maɓallanta caji ya ƙare. Tsohon kuwa maɓalli biyu ne, in ka faɗi ba ka da wanda za ka ɗora wa laifi. Auta ya ce ai tsufa ne ke magana. Baban Kaset ya ce e, tsufan ne aka kawo wa gyara.

Daga nan ya buga allon, tela ya tsayar da kekensa don kada teburin ya girgiza. Ya sa jikata ta danne kaset ɗin da hannu biyu. Ya ɗora tsintsiyar hannunsa kan guntun katako, ya fara liƙa wani batir a gefe da siraran wayoyi biyu, don kada wuta ta yanke ko na ƙiftawar ido. Sannan ya ɗaga tsohon, ya zaunar da sabo. Gumi na ɗiga daga gemunsa. Da ya rufe, bai kunna ba, ya miƙa mata.

Ta kunna. Ga matafiyi nan a kan gada. Ni ce na fara neman wurin zama. Jikata na dariya tana share ido da mayafi, tela ya leƙo yana tambaya ko ya tashi kekensa.

Baban Kaset, kai ne mai tashin abin da aka fid da rai da shi. Kai ne ka faɗi rauninka tun kafin a tambaye ka, sannan ka nemi dabarar da za ta rufe shi. Mun gode, Allah ya saka da alheri, ya ba hannun nan hutu. Ku kuma masu gyara, ko waya kuke yi ko agogo, ku riƙa tambayar mai kaya abin da ke ciki kafin ku sa sukundireba, ku gaya masa iyakar abin da za ku iya.

Ya rufe shagon kamar yadda ya ce, yana gida yana kiwon tattabaru. Tela ya cire allon ya faɗaɗa nasa. Auta ya samo na'urar da ta kwafi wasan zuwa kwamfutarsa don ajiya. Jikata kuwa ta tsallakar da matafiyin, yanzu yana gari na gaba.